Na kai yarona mai ƙiriniya gwajin ido a Sakkwato: abin da suka gyara, da abin da suka ce ba nasu ba ne

Ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Shekarunsa 9, yana aji huɗu na firamare, kuma tun daga aji ɗaya babu zangon karatun da ya ƙare ban tarar da magana guda a takardar sakamakonsa ba: ba ya natsuwa. A gida kuwa mai ƙiriniya ake ce masa. In an zuba tuwo, loma biyu yake ci a zaune, sauran a tsaye. In an aike shi sayen magi da ashana, sai ya dawo da ashana da labarin akuyar da ta faɗa kwata a bayan masallaci. Ni malamar firamare ce, shekara 14 ina riƙe da alli, na ga masu rawar kai iri-iri. Amma na ɗakina ya ɗaure mini kai.

Abin da ya kai mu wajen masu ido shi ne karatun bayan Magariba. Idan na zaunar da shi da littafi, sai ya tsallake layi, ko ya maimaita wanda ya gama yanzu. Bayan minti biyar sai ya kwantar da kai a kan hannu, ya rufe ido ɗaya da tafinsa, ya ci gaba a haka. Yakan ce goshinsa na ciwo. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin dabarar gudun karatu, har wani dare ya ɗago ya ce, "Umma, layin ya zama biyu, wanne zan karanta?" Yadda ya yi tambayar, babu wasa a muryarsa. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

A makon ne wata ta turo talla a zauren WhatsApp na iyaye mata, wai akwai motsa-idon da ke raba yaro da ƙiriniya cikin wata guda. Ban sayi abin ba, amma maganar ta zauna mini a rai. Don haka da na shirya zuwa asibitin ido, burina a ce matsalar duka a ido take, a ba shi tabarau, mu dawo gida da yaro mai natsuwa. Na faɗi wannan ne don na san iyaye da yawa da irin wannan fata za su je.

Wurin asibitin ido ne mai zaman kansa, ƙarami, a cikin gari, tafiyar kamar minti ashirin a Keke Napep daga gidanmu a Mabera. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai inda zan yaba akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na son a ɗauka talla nake yi ko ɓatanci. Ɗakuna uku ne da falon jira. Suna da sola, fanka ba ta tsaya ba duk zamanmu, wanda duk ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kati naira 2,000, gwajin yara cikakke naira 15,000.

Falon jiran shi ne ƙorafina na farko. Mun isa ƙarfe tara da rabi, ba a kira mu ba sai sha ɗaya da rabi. Awa biyu ga yaro irin nawa daidai take da wuni. Ga talabijin an ƙure sauti, ga akwatunan gilashi cike da tabarau an jera su daidai tsayin hannun yaro. Ya taɓa wannan, ya buɗe wancan, ya leƙa ɗakin da ba a kira shi ba. Wani dattijo da ke jiran a duba masa yanar ido ya ce, "Hajiya, ki tsawata mai mana." Na tsawata, ya zauna, kafin in mayar da jakata kan cinya ya miƙe. Wurin da ya rubuta a allonsa cewa yana duba yara, ya kamata ya ware musu lokaci, ko ya ba da sa'a takamaimai. Duk mai zuwa da yaro irin wannan, ya je tun ƙarfe takwas, ya riƙo ruwa da ɗan abin taɓawa.

Da muka shiga, sai komai ya sauya. Likitar matashiya ce, ba ta da hayaniya. Ba ta fara da ni ba, da shi ta fara: "Ɗan samari, me ke damun ka in kana karatu?" Ban tuna wani babba da ya taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ta bar shi a tsaye tunda tsayuwar yake so.

Allon haruffan bango ya karanta har layin ƙasa, ido dama da na hagu. Maigidana, wanda dama rakiya ya yi ba da son ransa ba, ya ce, "To kin gani, lafiyarsa lau." Likita ta ce, "Alhaji, wannan allon nesa yake aunawa. Littafi kuwa a santimita 40 ake riƙe shi, aikin da ido ke yi a can daban ne." Ta juya fatar idonsa ta sama, ta ce akwai ɗan ƙaiƙayin nan da ƙura da zafi ke tayar wa yaranmu, wanda ke sa farin ido ya yi ruwan ƙasa, ta rubuta maganin ɗigawa. Sannan ta ɗauko wani ɗan sanda mai ƙaramin harafi a kansa, ta kafa rula a gefen fuskarsa, ta ce ya dubi harafin, ya faɗa mata da zarar ya zama biyu. Ta rinƙa matso da shi wajen hancinsa a hankali. Ina tsaye a bayanta, da idona na ga idonsa na hagu ya saki, ya zame waje, daidai lokacin da ya ce "biyu". Santimita 15. Ta sake, ya zama 17. Ta sake, ya ƙara nisa. Ta ce yaro mai shekarunsa ya kamata ya riƙe harafin yana guda har kusan santimita 6 daga fuskarsa, kuma kada ya gaji da maimaitawa uku.

Ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Kowane ido jijiyoyin nama shida ke juya shi. In za a dubi abu na kusa, dole idanun biyu su karkato ciki su haɗu a wuri guda, su kuma riƙe haka muddin ana karatu. Nasa suna haɗuwa, amma ba sa iya riƙewa. Da sun gaji sai ɗaya ya zame, rubutu ya rabu biyu. Rufe ido ɗaya da yake yi, wanda na sha buge masa hannu a kansa, shi ne maganin da ya samo wa kansa: in ido ɗaya ne ke aiki, babu abin da zai rabu. Ta kira abin raunin haɗa idanu.

Daga nan ta shiga gwajin motsin ido, kuma wannan ne ya sa na zauna rubuta wannan bayani.

Da farko ta zagaya da sandan a hankali, sama da ƙasa, dama da hagu, ta ce ya bi shi da ido. Ya bi lafiya, sai dai yana haɗawa da kai. Ta ce wannan bai dame ta ba. Sai ta ba shi littafi, ta nemi izinina ta ɗauki idanunsa da wayarta ta saman littafin yana karantawa, sannan ta nuna mana hoton da tafiyar hawainiya. Shekara 14 ina koyar da karatu, ban taɓa sanin cewa ido ba ya zamewa a kan layi kamar ruwa a kwararo ba. Tsalle yake yi. Ya dira, ya tsaya ɗan mitsitsin lokaci, ya sake tsalle. Kowace tsayawa kusan kwatan daƙiƙa ce, wato sau uku ko huɗu a daƙiƙa guda, kuma a cikin tsayawar ce kaɗai ake ganin harafi. Dalili shi ne wurin da ke gani tangaran a can bayan ido ƙanƙane ne ƙwarai, abin da yake ɗauka bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba in ka miƙe hannunka. Dole ido ya rinƙa kai wannan ɗan wuri kan kalma bayan kalma. Daga baya na karanta cewa wani likitan ido Bafaranshe, Emile Javal, shi ne ya bayyana wannan tsallen a ƙarshen shekarun 1870. Ko mai karatu gwani yakan koma baya kamar sau ɗaya a cikin tsalle goma. A hoton yarona kuwa komawa bayan ta yi yawa, kuma in ya kai ƙarshen layi zai dawo farkon na gaba, sau da yawa sai ya dira ƙasa da inda ya kamata. A wuri biyu idon ya bar littafin gaba ɗaya, ya je ƙofa ya dawo, shi kuma bakinsa bai daina motsi ba.

Ta ajiye littafin ta ce, "Dubi hancina, kada ka dubi komai, zan ƙirga goma." A huɗu idonsa ya tafi fanka. Suka sake. A shida wani ya wuce ta taga, ya bi shi.

Sai wasan da ta kira wasan akasi. Ta ɗaga hannayenta biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ta ce, "In na motsa yatsan wannan hannu, kai ka dubi ɗayan. Wanda bai motsa ba shi za ka duba." Ya ce ya gane, har ya maimaita mata dokar da bakinsa. Ta motsa na dama, idonsa ya faɗa kan na dama, sannan da sauri ya gyara zuwa hagu. Ta motsa na hagu, haka. Cikin ashirin, sau goma sha uku idon ya fara zuwa inda aka hana shi. Ta gwada ni, na kuskure sau biyu. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne duk lokacin da ya kuskure ya sani, yana gyarawa nan take, fuskarsa na ƙara ɓaci. A na ƙarshe ya ce, "Anti, wallahi na san inda zan duba. Idon ne ke riga ni."

Na juyar da kaina wajen bango. Shekara nawa ina ce wa yaron nan yana sane yake yi, ba ya jin magana, ya raina mutane. Ga shi ya ji maganar, ya riƙe ta, yana son ya bi, amma wani abu na riga shi.

Likita ta ce ido ya saba da zuwa kan duk abin da ya motsa, haka aka halicce shi. Hana shi zuwa aiki ne na sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, kuma birkin nan shi ne dai wanda ke hana yaro miƙewa a tsakiyar darasi ko katse maganar manya. Ba ya gama ƙwari sai an wuce shekarun balaga, shi ya sa duk yara ke yin kuskure a wannan wasa fiye da manya. Amma masu larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaitawa da ADHD, sukan fi tsararrakinsu yi. Da na koma gida na bi diddigi: wani masani, Peter Hallett, ya fito da wannan gwaji a Kanada a 1978, kuma a 2003 Douglas Munoz da abokan aikinsa na Jami'ar Queen's, can Kanada, suka auna idanun yara da manya masu wannan larura da na'ura, suka samu sun fi yawan kuskure a wasan akasi, kuma idanunsu sun fi yawan ficewa in an ce su kafe su a wuri ɗaya. Abin da na gani a wannan ɗaki ke nan, da yatsu biyu kawai, babu na'ura.

Nan ne ta faɗi maganar da ta sa na ga kuɗina bai tafi a banza ba. Ta ce, "Malama, abu biyu na gani. Ɗaya nawa ne, ɗaya ba nawa ba. Haɗa idanun zan iya taimaka masa a kai. Amma ficewar da idonsa ke yi ba ciwon ido ba ne, jijiyoyinsa lafiya suke, daga sama umarnin ke zuwa. Kuma ni ba zan ce miki yana da ADHD ba, domin ba a gane ta da gwajin ido. Wannan sai likitan ƙwaƙwalwa ko na yara." Na tambaye ta tallar nan ta WhatsApp. Ta ce duk wanda ya ce motsa ido zai raba yaro da wannan larura, kuɗina yake so.

Na ce to me ya haɗa biyun a jikin yaro guda? Ta ce sukan zo tare fiye da yadda ake zato. Wani bincike da aka yi a San Diego ta Amurka a 2005 ya samu cewa a cikin yara masu raunin haɗa idanu, waɗanda aka ce suna da ADHD sun kai kusan ninki uku na abin da ake samu a sauran yara. Amma zuwa tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Kuma alamunsu na kama: yaron da rubutu ke rabe masa biyu zai guji littafi, zai rasa inda ya tsaya, zai yi ta mutsu-mutsu, a ce ba ya natsuwa alhali idonsa ne ya gaji. Akwai wanda ido ne kaɗai matsalarsa, akwai wanda ƙwaƙwalwa ce kaɗai, akwai mai duka biyun.

Ƙorafina na biyu ya fi na farko zafi. A ƙarshe sun ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, don a auna ko yana buƙatar tabarau ba tare da idon ya yi yunƙurin gyara kansa ba. Gwajin daidai ne, kuma ya nuna ba ya buƙata. Amma babu wanda ya gaya mini cewa maganin zai sa abu na kusa ya yi masa dishi-dishi har kusan kwana guda, haske kuma ya rinƙa sukar idonsa. Muka fito ƙarfe ɗaya na rana, zafin da ya haura digiri 40, a Keke Napep mai buɗaɗɗen gefe. Yaron ya yi ta kuka har gida, na lulluɓe masa fuska da mayafina. Washegari yana da gwajin lissafi a makaranta, ya kasa ganin takardar sosai. Magana ɗaya tak da ta hana duk wannan. In za ku je, ku riƙo hula ko baƙin gilashi, kuma kada ku zaɓi jajibirin jarrabawa.

Na uku: muna fitowa daga wajen likitar da ta ce ba ya buƙatar tabarau, saurayin da ke kan teburin gaba ya tare mu da wani gilashi na naira 25,000, wai yana kare hasken waya kuma yana sa yaro mai da hankali. Na koma ciki na tambaya, likita ta ce ba ta rubuta ba, kada in saya. Na ji daɗin gaskiyarta, amma wurin guda ne, bai kamata bakin ƙofa ya rinƙa warware abin da aka ɗaure a ciki ba. Uwar da ke jin nauyin komawa ta tambaya, da ta biya.

Horon haɗa idanun mako 12 ne, sau ɗaya a mako a asibiti, kowane zama naira 5,000, sai aikin gida na minti 15, kwana biyar a mako. Kafin in biya ko sisi ta gaya mini abin da zan sa rai da shi. Ta ce an gwada wannan a Amurka a kan yara 221, aka fitar da sakamako a 2008: waɗanda aka yi wa horon a asibiti haɗe da na gida, kashi 73 cikin 100 sun warke ko sun samu sauƙi, waɗanda kuwa aka bar su da matso fensir zuwa hanci a gida kawai, kashi 43. Sannan ta ƙara da wanda ban so ji ba. An sake wani babban gwajin, sakamakonsa ya fito a 2019, ya nuna horon na gyara haɗa idanu, amma bai ƙara wa yara iya karatu fiye da waɗanda aka yi wa horon bogi ba. "Zai daina ganin biyu, in sha Allah," in ji ta. "Iya karatu kuwa aikinku ne na malamai." Mai sayar da abu ya gaya maka iyakar abinsa kafin ka biya, a kasuwar yau wannan abin a faɗa ne.

Babban kayan aikin gida zare ne fari mai tsawo da duwatsun ado guda uku, ja da kore da rawaya. Ana ɗaure bakinsa ɗaya a marikin ƙofa, yaro ya riƙe ɗayan a kan hancinsa, ya dubi dutse guda. In idanun biyu na aiki tare, zai ga zaren ya zama biyu, sun gicciya daidai kan dutsen da yake kallo. In sun gicciya a bayan dutsen, idanun ba su karkato sosai ba. In kuma zare ɗaya yake gani, to ƙwaƙwalwa ta yi watsi da ido ɗaya. Kowane mako ana matso da dutsen kusa. Suna sayar da zaren naira 4,000, amma ita da kanta ta ce in na ga dama in haɗa nawa. Da zaren saƙa da duwatsun da na tsinto a tsohuwar sarƙa na yi shi.

A zaman asibiti, yadda take tafiyar da shi ya koya mini abin da na ɗauka zuwa ajina. Ba ta taɓa neman ya zauna minti 45 ba. Minti biyar aiki, sai ta ce ya je ya taɓa ƙofa ya dawo sau uku, sai wani minti biyar. Umarni ɗaya take bayarwa a lokaci guda, tana duban idonsa. Sau biyu ba ta nan, mataimakinta ya karɓe mu, shi kuwa tsawa ya sani, kuma ranakun nan babu abin da aka ƙulla. Sau biyu kuma muka zo muka tarar an ɗage zaman ba a kira ni ba, kuɗin Keke zuwa da dawowa ya tafi. Takardun aikin gida duk da Turanci suke. Ni na iya karantawa, amma matan da muke zama tare a falon nan, wata daga Wamakko wata daga Bodinga, sai da na rinƙa fassara musu. A garin da kusan kowa Hausa yake ji, wannan gyara ne na kwana ɗaya.

Akwai abin da na lura da shi tun da daɗewa ban ba shi muhimmanci ba: a makarantar allo yaron bai cika tsallake layi ba. Na gaya wa likita, ta tambaye ni yadda suke karatu. Na ce da yatsa ko tsinke suke bin baƙi, daga dama zuwa hagu, da ƙarfi, suna rangaji. Ta ce tsinken nan jagora ne, yana nuna wa ido inda zai dira, kuma jikin da ke rangaji ba a tilasta masa daskarewa ba. A makarantar boko kuwa an hana shi bi da yatsa tun aji biyu, wai ya girma. Ni ma na hana ɗalibaina haka shekara da shekaru, don haka aka koya mana. Na daina. Yanzu wanda ke so ya bi da yatsa, ko ya sa rula a ƙarƙashin layi, ya yi.

Mun gama a watan Yuli, damina ta kankama. Santimita 15 ta koma 6, kuma ya riƙe har maimaitawa biyar. Ganin biyu ya tafi, ciwon goshi ya tafi, ya daina rufe ido. Yakan karanta shafi ɗaya da rabi na littafin Hausa a zama guda, abin da da ba ya yi. Tuwo kuwa har yau a tsaye yake ƙarasa shi. Fensir uku ya ɓatar a makon da ya wuce. A wasan akasi na ranar ƙarshe ya kuskure sau goma sha ɗaya. Daidai yadda ta faɗa tun ranar farko, babu ƙari babu ragi.

Takardar da ta rubuta mana zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa ta yi wata biyu a jakata. Ta ce za mu iya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kan hanyar Illela. Duk Basakkwace ya san nauyin kalmar Kware a bakin mutane. Da Inna, mahaifiyar maigidana, ta ji, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Jikana za ku kai Kware? Wanga ƙiriniya ta, ubanai ma haka yat tashi." Ban yi mata musu ba, don gaskiya ta faɗa game da ɗanta, kuma likitoci ma sun ce larurar na bin jini. Na ce, "Inna, shi ya sha dorina har ya girma. Ina son wannan ya sha ƙasa da haka." Ta yi shiru, ba ta ce e ba, ba ta kuma hana ba.

Mun ga likitan. Babu na'ura, tambayoyi ne masu yawa, da takarda ɗaya da na cike, ɗaya malaminsa na boko, har ya nemi jin ta bakin malamin allo. Ya ce ba a yanke wannan hukunci sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun wuce wata shida, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma suna cutar da karatun yaro ko zamansa da mutane. Ya ce kimanin yara 5 cikin 100 a duniya ke da ita, wato a aji mai ɗalibai sittin irin nawa ba za a rasa biyu ko uku ba. Ya tabbatar yaron na da ita. Ya kuma ce takardar likitar ido ta sauƙaƙa masa, don an riga an cire abin da ido ke jawowa, abin da ya rage ya fito fili. Mun fara da sauya zama: bencin gaba, nesa da taga, aiki guntu-guntu, barci da wuri, an ajiye bulala. Ya yi mana bayanin magani mai suna metilfenidet, wanda likita ne kaɗai ke rubuta shi kuma yake bibiya, muka tsayar za a sake duba maganar bayan zango guda.

Jimillar abin da na kashe a asibitin idon, har da maganin ɗigawa, ta kai naira 80,000, ban da kuɗin Keke. Ga malamar firamare wannan adashe ne guda cur. Da za a mayar da ni baya zan sake biya, saboda likitar, ba saboda falon jiransu ko teburin gabansu ba. Wanda yaronsa ke rufe ido ɗaya, ko yake cewa rubutu na rawa ko na rabuwa, ko kansa ke ciwo in ya yi karatu, ya je, ya kuma nemi a auna haɗa idanu da bakinsa, don allon bango kaɗai ba zai nuna ba. Gwajin farko ma ya isa a san inda aka dosa. Wanda kuma ke neman inda za a cire wa ɗansa ƙiriniya da zare da duwatsu, wannan likitar za ta gaya masa ba ta da shi.

Har yanzu muna yin zaren sau biyu a mako don kada abin ya koma. Marikin ƙofarmu ya karye kwanan baya, sai Inna ta karɓi aikin riƙe masa bakin zaren bayan La'asar, tana zaune a kan tabarmarta yana tsaye. Shekaranjiya ya matsa mata sai ta gwada ita ma. Ta ɗora zaren a hanci, ta dubi jan dutsen, ya ce, "Inna, kin ga biyu sun gicciya?" Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ni guda ni ka gani." Na rufe mata idon dama da tafina, na tambaye ta me take gani da na hagu. Ta ce hazo. Ranar Talata ita zan kai, ƙarfe takwas na safe, kafin falon ya cika.